Ɗan Haya Ya Kwashe Katifarsa

Mzee Kilonzo, dattijo mai gidan haya, bai yarda da waya ba, bai yarda da ɗan aike ba. Shi ya sa ya taso takanas daga garin Kitui zuwa unguwar Kayole a Nairobi, ya danƙa wa Wekesa tela notis hannu da hannu: kwana talatin ya bar masa ɗakinsa. Wai ya mai da ɗakin kwana shago, keken ɗinki ya hana maƙwabta sakat.

Lokacin korona ne, kowane mai gida ya ga baƙon ɗan haya sai ya ga cuta mai ƙafa biyu. Ina Wekesa zai nufa?

"Baba, takunkumi fa nake ɗinkawa. Da shi nake ci."

"Je ka ci a wani gidan."

Tsohon ya gyara hula ya nufi tasha. Kafin magariba sai ga shi ya dawo, jaka a hammata, duk jikinsa ya yi sanyi. An rufe Nairobi, ba shiga ba fita. Sauran ɗakunan gidan kuwa duk na masu iyali ne.

"Ɗana," in ji shi da wata sabuwar murya, "kwana biyu ne kawai."

Wekesa, da yake akwai shi da kunya, ya bar masa katifa ya koma tabarma. Kwana biyu suka zama mako huɗu. Tsoho ya murje. Ya ci ugali, tuwon masarar can, ya nemi ƙari, ya kushe shayi ya shanye, minsharinsa kuwa ya ninka ƙarar keken. Amma da an taɓo zancen notis sai ya ce, baki cike da loma, "Ai rubutu ya riga ya rubutu, ɗana."

Ranar ta talatin Wekesa ya kira mai amalanke, alhali bai san inda za shi ba, baƙin ciki ne kawai ke tura shi. Aka fitar da keke, risho, tukunya, bokiti, labule, har ƙwan lantarki.

"Baba, ɗan ɗaga. Katifar."

Mzee Kilonzo ya tsaya tsakiyar ɗakinsa, daga shi sai bango huɗu da ƙusa ɗaya.

"To... abincin rana fa?"

"Ɗaki naka ne, Baba. A sha zama lafiya."

Sai ga dattijo da gudu ba takalmi, ya riƙe amalanke gam.

"Sauke! Na ƙara maka sai an buɗe hanya!"

Wekesa ya zaro biro daga bayan kunne.

"Shekara biyu, Baba. A rubuce."

Tsohon ya dubi biro, ya dubi tukunyar da ke can saman kaya, ya haɗiyi yawu.

"Yau wake ne?"

"Da nama."

"Juyo bayanka in ɗora takardar notis ɗin in rubuta."