Kwaɗo na Arba'in da Ɗaya

"Ka yanke zaren," in ji Delmar daga kan gado.

"Ban yanke ba."

"Ka yanke. Daga nan na ji ƙararsa."

Otis Tackett ya ɗaga rezar zai sake musu, sai gashin ya fara zubewa. Aikin awa biyu ya watse a kan tebur kamar an yi wa akuya aski, ƙugiya ta rage tsirara a bakin ƙarfen da ya damƙe ta. Delmar Pruitt ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa Velma ta shigo da sauri daga kicin ta gyara masa robar iskar da ke hancinsa.

"Otis, kai za ka kashe shi kafin ciwon ya kashe shi," ta ce.

"Bar shi, Velma," in ji Delmar yana haki. "Rabona da dariya irin wannan tun Kirsimeti. Tsoho, na ce maka ka aske cikin a hankali, zaren yana nan ƙasa-ƙasa. Kai kuma ka kama shi kamar kana feƙe turke."

Shekara arba'in suna maƙwabtaka a wannan lungu na Arkansas, shingen waya ne kawai tsakaninsu, tafki ɗaya a gangaren bayan gidajensu, kuma shekara arba'in ɗin nan ba su taɓa yarda da juna ba a kan abin da ya kamata a jefa wa kifin bas don ya haɗiyi ƙugiya. Otis mutumin itace ne. Yakan sassaƙa ɗan guntun itace mara nauyi, ya kwarfe bakinsa, ya shafa fenti, in ya fizge shi a ruwa ya yi ƙara ɓul. Delmar kuwa gashin barewa ya sani. Gashin cikinta yake zaɓa, don shi ne mai rami a tsakiya, ba ya nutsewa. Ya ɗaura tsubi a ƙugiya, ya ja zare, gashin ya miƙe kamar bushiya, ya matse shi baya da farce, ya ƙara wani, har ƙugiyar ta cika tam. Sannan ya ɗauki reza ya aske, sai ga kwaɗo, har da ƙafafu na gashin zakara. Otis yakan kira wannan aiki kitson 'yar tsana. Delmar kuma yakan ce na Otis ƙwanƙwasa ƙofa ne, ba fatsa ba.

Duk shekara in sanyi ya fara janyewa, Delmar yakan ɗaura sabon kwaɗo guda ɗaya. Ranar da bas na farko ya taune shi, sai ya cire shi ya soke a katakon da ke saman barandar baya, ba ya sake jefa shi. Wanda kifi bai taɓa ba, ba ya hawa katakon, komai kyansa. Arba'in ne a jere a wurin, tun daga shekarar da suka tare a gidan. Bana huhu ya ci amanarsa, hannayensa suka kama rawa, nas ɗin da ke zuwa kullum da safe ta faɗa wa Velma a bakin mota cewa magana ce ta kwanaki. Shi ya sa ya aika aka kira Otis.

"Ara min hannayenka," ya ce masa. "Na san ba su da kirki, amma su ne a kusa. Ba na son in tafi in bar gurbi a katakon can."

 Otis ya jawo kujera.

Kwaɗo na biyu da Otis ya ɗaura ya tsira daga reza, amma gaskiya ba abin nunawa ba ne. Kansa ya karkace, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, bayansa tudu da kwari. Delmar ya juya shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

"Mota ce ta taka shi?"

"Ba ni abina in ba ka so."

"Jefa shi a kofin can mu gani."

Otis ya jefa shi a kofin ruwa. Kwaɗon ya zauna a sama daram, ya ɗan ɗaga hanci.

"To, ya iya iyo," in ji Delmar. "Bas ba ruwansa da kyau, in ba haka ba da kai ba ka taɓa kama ko ɗaya ba. Je ka."

Kwana biyu Otis yana kan tafkin a ƙaramin jirginsa na alminiyum. Fararen furanni sun fara buɗewa a bishiyoyin gaɓa, alamar ruwa ya fara ɗumi, amma kifin ko gezau. Ya jefa gefen bado, ya jefa gindin kututture, ya fizga, ya ja, ya sake jefawa, har kafaɗarsa ta riƙe. Kullum in ya hau gangaren sai ya tarar da Delmar ya ƙara zabgewa. Shayi mai ƙanƙara da Velma ke ajiye wa Delmar yana nan har ƙanƙarar ta narke, burodin masara ma ko ɓallinsa bai yi ba.

Rana ta biyu da yamma Velma ta tare shi a ƙofar kicin, hannunta duk gari.

"Otis, don Allah ka ji ni. Ka ɗan yamutsa abin nan, ka ce masa kifi ya ci. Idonsa ba ya gani sosai yanzu. Me zai rage ka da shi?"

"Mis Velma, ƙarya fa ke nan."

"Ƙarya ce mana. Ni zan ɗauki zunubin ranar Lahadi. Ka ga yadda yake numfashi kuwa?"

Ya gani. Tsoro ne ya kama shi, tsoron kada mutumin ya tafi yana jira. Ya shiga rumfar kayan aikinsa, ya goga kwaɗon da burushin waya, ya tsige ƙafa ɗaya, ya tsoma shi a bokiti, ya shiga ɗakin yana wani washe baki.

"Ga shi nan, maƙwabci. Gindin kututture. Ya kai laba uku."

Delmar bai ko kalli kwaɗon ba. Ya kai shi hanci ya shinshina, sannan ya kamo babban yatsan Otis ya shafa cikinsa da nasa yatsan.

"Laba uku," ya ce. "Kuma ka riƙe shi ta leɓe ka cire ƙugiya, yatsanka sumul kamar na amarya. Kwaɗon kuma warin bokitin wankin motarka yake."

Otis ya yi tsuru-tsuru. Duk wanda ya taɓa ɗaga bas ta leɓe ya san yadda 'yan haƙoransa ke kurje yatsa, amma shi a ruɗewarsa ya manta. Kunya ta rufe shi, dattijo mai shekara saba'in da uku, kamar ƙasa ta tsage.

"Ni na sa shi," in ji Velma daga bakin ƙofa.

"Na sani. Shi ba shi da wayon." Delmar ya huta, ya tattaro numfashi. "Zauna, Otis. Ina jin ka daga nan, taga a buɗe take. Ka jefa, ka fizga. Ka jefa, ka fizga. Wannan ba itacenka ba ne. Ka taɓa ganin kwaɗo ya faɗa ruwa ya kama ihu? Lafewa yake yi, don ya san akwai mai kallonsa a ƙasa. In ya faɗi, ka ƙyale shi. Ka bari zoben ruwan nan ya baje, ya mutu gaba ɗaya. Sannan ka ƙara jira, kamar tsawon shan taba kara ɗaya."

"Ai na daina shan taba."

"Ni ma da na daina da wuri da ba ka zaune nan kana ɓata min gashi. In ka gama jiran, ka ɗan motsa shi sau ɗaya. Kaɗan, kamar ya ja numfashi."

"Shekara arba'in ba ka taɓa faɗa min wannan ba."

"Na faɗa maka ya fi sau ɗari. Kana cikin magana ne."

Washegari Otis ya ɗaura wa kwaɗon sabuwar ƙafa a teburin, Delmar yana barci baki buɗe. Nas ta zo, da za ta tafi ta rungume Velma a baranda. Wajen ƙarfe huɗu Otis ya tsaya a bakin gadon yana juya hularsa. Zuciyarsa ta rabu biyu, don ya san in ya sauka tafki yana iya dawowa ya tarar babu kowa.

"Me kake jira a nan?" in ji Delmar, ido rufe. "Can ake jira."

Otis ya sauka. Ya tura jirgin zuwa inda badon ya yi wata 'yar kafa, daidai ƙasan tagar, ya warware igiya, ya jefa. Kwaɗon ya sauka a hankali, ɗan tas. Zoben ruwa ya buɗe, ya faɗaɗa, ya taɓa ganyen bado, ya ɓace. Hannun Otis ya fara ƙaiƙayi. Duk jikinsa cewa yake fizga, mutumin yana can yana ƙarewa, kai kana zaune kamar gunki. Ya danne sandar fatsar a cinya da hannu biyu. Wani mazari ya zo ya sauka a kan igiyar, ya huta, ya tashi. Otis ya tuna yadda Delmar ke zama haka a ƙarshen jirgi, shi kuwa Otis yana masa tsiya yana ce masa ko ya mutu ne a zaune. Hawaye ya gangaro masa har cikin gemu, bai share ba, don kada sandar ta motsa.

Da ya tabbata in da taba ce da ta ƙare har ta ƙona yatsa, sai ya ɗan ja igiyar da kan yatsu, sau ɗaya.

Ruwan ya fashe. Ƙarar ta daki gangaren ta dawo, tsuntsaye suka tashi daga gaɓa. Sandar ta lanƙwashe, kifin ya yi tsalle sau biyu yana girgiza kai, ya nemi shiga cikin bado, Otis ya hana shi. Da ya jawo shi gefen jirgi ya cusa babban yatsa a bakinsa ya ɗaga, ya cire ƙugiyar, ya mayar da shi ruwa kamar yadda Delmar ke yi wa na farkon shekara. Ko ɗaure jirgin bai tsaya yi ba.

Velma na zaune a matakalar baranda, hannayenta a cinya. Tun daga nesa ya lura injin iskar da ya yi wata biyu yana gurnani a ɗakin ya yi shiru. Ya tsaya a ƙasan matakala, kwaɗon a dunƙule a hannunsa.

"Na makara," ya ce.

"Ba ka makara ba. Ya ji." Ta share hanci da bakin rigar girkinta. "Tun da ka jefa yake saurare. Da shirun ya yi tsawo sai ya matse min hannu. Da ƙarar ta zo ya buɗe ido ya ce, 'Ka ji ɗan banza, yau dai ya jira.' Ya ce a duba yatsanka kafin a bar ka ka hau katako."

Otis ya miƙa mata hannu. Ta juya yatsan, ta shafa inda ya kurje ya yi fari-fari, ta gyaɗa kai.

Ya jawo kujerar Delmar ya taka. Arba'in suna jere a katakon, sumul-sumul, na farkon sun koɗe sun zama ruwan toka. Ya soke nasa a ƙarshen layi, ya sauko. Kan ya ƙara karkacewa, babban idon ya fita, ruwan tafki yana ɗiga daga ƙafafunsa a kan dandamalin baranda.