Sai Ta Ji Nauyi Ake Ɗaurewa

"Kai! Ajiye sifanar nan!"

Mai walda ya zabura a ƙarƙashin motar har ya ƙume goshinsa da tankin mai. Ta bayan taya yana hango ƙafafun maƙwabcinsa, tsohon direba, sun kumbura a cikin silifas, bargo ya rufe gwiwoyin.

"Baba, notika kawai zan ɗaure. Ai an gama."

"A sama za ka ɗaure, tana lilo a kan jak? Sauke ta tukuna ta ji nauyi. In ka matse yanzu robobin za su murɗe, kafin ka ankara sun yage. Kai dai ƙona ƙarfe kawai ka iya."

Mai walda ya jawo jiki ya fito yana shafa goshi. Tunda ya buɗe shago jikin katangar gidan nan suke wannan faɗan. Baba ya ce ƙarar injinsa ta hana shi barcin rana, shi kuma ya ce hayaƙin motar Baba ya ƙare masa huhu. Amma tunda asibiti suka sallamo tsohon suka ce a kai shi gida ya huta, mai walda bai sake kunna inji da rana ba. Duk layin an san ma'anar wannan hutun.

Motar ta girmi mai walda. Ruwan madara ce, fentinta ya koɗe, bayanta kuma ya zauna ƙasa saboda sifirin ɗin da ke ɗauke da ita sun miƙe don tsufa. Da aka gyara titi sai aka bar wani tudun siminti a bakin get. Ranar da Baba ya gwada haurawa, salansa, bututun hayaƙin nan, ta kartu har ta tsinke, ta bar dogon zane a simintin. Tun daga nan motar ke tsakar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Da Baba ya kira shi kan aikin, sai da tsohon ya aiki matarsa, Inna, ɗauko ruwa sannan ya yi magana.

"Ka ƙara mata fallen sifirin ɗai-ɗai a kowane ɓari, ta ɗaga. Ba don ni ba. Innarku na koya wa tuƙi, kuma ta iya, wallahi ta fi ni. Amma na san halinta. Ina tafiya za ta ja ƙofa ta zauna, ko wajen 'yarmu ba za ta je ba. Ta ce ai mota ba ta fita. To, ni so nake in raba ta da wannan hujjar."

Shi ya sa mai walda ya rufe shago ya yini yana kwance ƙarafa masu tsatsa, yana jera sabon falle cikin tsofaffin, ya kuma mayar da salansar da ta tsinke, Baba na zaune yana kushe duk abin da ya taɓa.

Yanzu ya sauke jak, tayoyi suka taɓa ƙasa. Bayan motar ya tashi sosai, har ta yi kamar za ta ci da baki.

"To, ku sa ni a baya," in ji Baba. "Da nauyina za a ɗaure ta."

Inna ta fito daga kicin tana goge hannu. "Malam, iska fa za ta buge ka."

"Ta buge ni mana. Me ya rage?"

Mai walda ya ɗauke shi cak. Da ya ji shi a hannu, sai ya ga kamar ƙarfen da ya sa wa motar ɗazu ma ya fi shi nauyi. Ya zaunar da shi a kujerar baya, ya koma ya dubi tazarar da ke tsakanin taya da jikin mota. Ko motsi ba ta yi ba.

Inna ta juya tana gyara igiyar shanya wadda ba abin da ya same ta.

"Kun gani ko?" in ji Baba daga ciki. "Shekara da shekaru ina ba ta mai, yau na shiga ba ta ma san na shigo ba. Butulu! Je ka kira min mai ɗinki, ita za ta sani."

Mai ɗinki ta gidan gaba, mace ce mai jiki, ta shigo da tef a wuya tana cewa, "Wato Baba, duk layin nan ni ka ga ta dace da buhu?" Ta shiga, mota ta ce ƙiiƙ, ta ɗan sauka. Mai kanti ya leƙo jin dariya, aka cusa shi shi ma. Baba ya maƙale a tsakiyarsu yana dariya yana tari.

"Yanzu ɗaure, ɗan nan. Haka take so, ba ta jin daɗin tafiya ba kowa."

Mai walda ya sake shiga ƙasa ya matse notikan ɗaya bayan ɗaya. Ya ji daɗi da ba wanda yake ganin fuskarsa a can.

Inna ta ce ita ba za ta tuƙa ba. Baba ya ce to shi zai tuƙa, kowa ya yafe wa kowa. Ta harare shi ta karɓi makulli. Mota ta yi tari ta kama. A bakin tudun ta mutu sau ɗaya.

"A hankali, Hajiyata. Ba ta mai kaɗan."

Mai walda ya durƙusa a titi, kunci a ƙasa. Tayoyin gaba suka haura, na baya suka biyo, salansa ta wuce saman tudun da tazarar tafin hannu.

"Ta taɓa?" Baba ya tambaya ta taga.

"Ko kusa, Baba!"

Suka zaga layin suka dawo, Inna na tuƙi baki a cije. Da aka mayar da Baba ɗaki ya ce aikin ba laifi, ga mai walda.

Bai kai ƙarshen makon ba. Da hantsi ya cika, yana kishingiɗe, Inna na yanke masa farce.

Mutane suka zo suka watse, 'yarsu ta koma gidanta. Get ɗin ya rufe, kamar yadda Baba ya faɗa. Watanni suka shuɗe. Mai walda kan aika matarsa da abinci, ta dawo ta ce Inna na zaune a ɗaki, kaji sun koma ƙarƙashin mota. Abin ya dame shi ƙwarai, ya rasa ta inda zai ɓullo mata. Wata rana dai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, batirin nan zai mutu fa in ba a tayar ba." Ya juya ya koma shago.

Washegari yana tsakiyar walda ya ji tarin da ya sani, hayaƙi ya tsallako katanga. Ya kashe inji ya fito. Inna ce ta buɗe get da kanta, tana zaune a gaban sitiyari, jakar kaya a gefenta.

"Wajen 'yata za ni," ta ce. "Amma bayan nan ba kowa, sai tsalle za ta yi ta yi da ni. Kira min mai ɗinki, in sauke ta kasuwa."

Mai ɗinki ta zo tana mita ta shiga, mota ta ɗan sauka. Mai walda ya durƙusa kamar wancan karon. Hasken safiya ya ratso tsakanin salansa da tudun, ya sauka a kan tsohon zanen da ke jikin simintin, motar ta haura ta miƙe titi.