Kawu Sakiusa Ya Ƙi Fita Daga Aji

Satin farko na komawa makaranta, Malama Unaisi ba ta damu da iyayen da ke maƙale a ƙofar ajinta ba. Haka ake yi duk shekara: yara su yi kuka, uwaye su leƙa ta taga, kafin Juma'a kowa ya gaji ya koma gonar rogonsa. Bana ma haka aka yi, ban da mutum ɗaya, Kawu Sakiusa, yayan mahaifiyarta, tsohon soja, wanda ke kawo jikansa Waisale.

Iyayen yaron sun tafi aikin tsinkar 'ya'yan itace a Ostireliya, sun bar shi hannun tsohon. Shi kuwa ya ɗauki amanar kamar an ba shi gadin barikin soja. Kullum da safe zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya naɗe ƙafa a kan tabarma cikin yara, ya cinye wurin mutum huɗu.

Da zaman ne kawai da sauƙi. Ranar da ta ce kowane yaro ya zana kansa, don ta ga yadda suke riƙe fensir, tana juyawa ta tarar Kawu ya karɓe na Waisale yana zana masa mutum har da kunnuwa da aljihun riga. Da sauran suka ga haka sai suka yi layi da takardunsu. Da aka tashi, hotuna iri ɗaya ta tattara, duk masu faɗin kafaɗa, har na 'yan mata.

Ranar ware launuka ta zuba murafun kwalba da ƙananan bawon katantanwa a faranti, ta ce a raba ja da kore. Kawu ya raba na jikansa cikin ƙiftawar ido, ya kuma jera su sahu-sahu.

"Kawu," ta ce a hankali, tana durƙushe, idonta a ƙasa, "da an bar shi ya gwada da kansa."

"Ai ya gwada, 'yata. Ya sa kore cikin ja. Ina zaune a yi wannan ɓarna?"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da bakin magana. Kawu ne. A gida ko tsaye ba ta wucewa ta gabansa, balle ta ce masa ya fita. Ta kai kuka wurin shugaban makaranta, ya saurare ta da kyau, sannan ya tuna mata cewa Kawun ne ya jagoranci rufe ajin da kwano bayan guguwar bara, daga nan shugaban ya koma kan takardunsa. Ta gwada dabara, ta ce wa Kawu ana bukatar ganyen kwakwa don saƙa kifin wasa. Ya tafi da adda, ya dawo kafin a gama waƙar safe, da ganyen da zai rufe ɗaki, da nonon ayaba guda. Yara suka watsar da darasi suka rufe shi.

Ga zafin Fabrairu, wanda a ƙasarsu tsakiyar damina ne, ga ruwa yana dukan kwano har ba ta jin muryarta, ga Waisale ya shiga sati na uku bai taɓa riƙe almakashi ba. Duk lokacin da ya miƙa hannu sai tsohon ya ce, "Kul! Ka yanke yatsa in ce wa uwarka me?"

Ranar Lahadi bayan coci ta tare matarsa, Gwaggo Vasemaca, a gindin mangwaro, ta zayyana mata komai.

"Au, can yake yini?" in ji Gwaggo. "Ni ya ce mini gona yake zuwa. Shi ya sa ciyawa ta haɗiye gwazar nan! Bar ni da shi."

Unaisi ta yi barci mai daɗi ranar.

Litinin ana tsakiyar yankan takarda, an zana wa kowa layi ya bi da almakashi, sai ga Gwaggo da lema da mafici. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Sakiusa! Wannan ce gonar?"

"Ke, a gaban yara?"

"A gaban abokanka dai. Ƙato da kai, ka zo ka danne wa 'ya'yan mutane tabarma. Ko kai ma sai an koya maka ja da kore?"

"Amana aka ba ni."

"Ni da na yi wa yaron wanka na ba shi shayi, ni ba a ba ni ba? Tashi!"

Yara suka saki baki. Unaisi ta shiga tsakani tana ba wannan haƙuri tana ba wancan, zufa na bin bayanta. Ana cikin haka ta ji ƙyas-ƙyas a gindin ƙafarta. Ta duba. Waisale ne, ya samu almakashi babu mai tsaro, ya gama da takardarsa, ya gama da ta maƙwabciyarsa, yanzu ya kama gefen sabon zanenta yana yi masa geza, harshe a waje.

Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta lura da riƙon almakashin: babban yatsansa yana sama, sauran a ƙasa, daidai yadda take ta nunawa.

"Kun gani?" Kawu ya ce da murna. "Hannun gidanmu ne."

Gwaggo ta tisa shi gaba da lema har bakin hanya. Unaisi ta sauke ajiyar zuciya, ta soke yagaggen zanen a ƙugu, ta tara yara don waƙar ƙirga. Ba su kai biyar ba aka tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Gwaggo ce ta dawo, wai ruwa ya tsananta, bari ta ɗan fake. Ta zauna daidai inda mijinta ya tashi, tana fifita. Baiti ɗaya ta saurara ta ɗaga mafici.

"A'a, Unaisi, ba haka ake jan ta ba. Wa ya koya miki? Yara, ku bi ni."

Shekara talatin Gwaggo tana jan mawaƙan coci, muryarta ta danne ruwan sama. Yara suka bi ta da ƙarfi. Unaisi ta koma kan 'yar kujerar yara ta zauna, gwiwoyinta kusan a haɓa.

Washegari su biyu suka zo. Gwaggo a ciki, Kawu kuma, tun da an hana shi shiga, ya kawo benci ya ajiye a ƙarƙashin taga. Sai da lokacin cire gwaza ya matsa musu, wajen ƙarshen Maris, sannan Unaisi ta samu ajinta.