Abin da Ke Cikin Dilar Alhaji

Hureira ta yanke igiyar dilar da wuƙar girki, tana neman turmin atamfa guda da za ta kai barkar haihuwa. Kayan mijinta ne, Alhaji Abdulganiyu, waɗanda mota ta sauke daga Kamaru, aka jibge a ɗakin ajiyar gida saboda kasuwar Kilomita Biyar ba ta buɗuwa kullum tun da rikici ya ɓarke. Ta ɗaga turmi na sama, ta ɗaga na ƙasansa, sai hannunta ya ci karo da kwali.

Ta ɓare shi. Ƙwayoyi ne jere a farin gwangwani, kati bisa kati. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san su sarai. Irinsu take tsinta a aljihun ɗanta na fari duk ranar wanki, tun da ya shiga cikin samarin da ke gadin unguwa. Tiramol.

Ta zauna a kan dilar, ta miƙe, ta sake zama. Kullum takan idar da salla tana roƙon Allah ya tona asirin mai shigo da wannan guba. Ashe tuwo take tuƙa masa safe da dare.

* * *

Bayan Azahar Alhaji ya shigo cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. A ƙofar gida mutanen da aka ƙone wa gidaje a wasu unguwanni suna ta sa masa albarka kan shinkafar da ya raba.

Ta ajiye kwalin a gabansa.

"Alhaji, mene ne wannan?"

Bai razana ba. Ya cire hula, ya shafa kai.

"Wa ya aike ki ɗakin nan?"

"Tambayarka nake yi."

"Hureira, kina jin harbi kullum. Yaran nan su ne tsakaninmu da masu adduna. Kina tsammani da ruwan shayi mutum zai tsaya gaban bindiga? In ban kawo ba, wani zai kawo."

"Har da Baffa?" Haka take kiran ɗan, don kunyar ɗan fari.

"Na hana a sayar masa."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"'Ya'yan wasu fa?"

Ya mayar da hularsa, ya ce ta kawo masa abinci.

* * *

Ba ta kawo ba. Ta yafa mayafi ta fita. Titin Koudoukou ya yi tsit, shaguna a garƙame, sai ɗan acaɓa jefi-jefi yana wucewa a guje. Tana tafe tana shirya abin da za ta faɗa wa yaron: ya ajiye bindiga, su bi motar kaya su tafi Garwa wurin 'yar'uwarta. Ubansa kuwa, ta rasa ta inda za ta fara.

A ƙarshen titin samari sun tare hanya da tayoyi da ƙonanniyar mota. Ɗanta yana cikinsu, ya rame, layu sun sarƙe masa ƙirji, idanunsa jawur. Yaron da ya sauke Alƙur'ani kafin gemu ya fito masa.

Ya ɗaga mata bindiga, ya daka mata tsawa da Sango, yaren garin, wai ina za ta.

"Baffa, ni ce."

Ko gezau. Bakin bindigar na rawa a saitin ƙirjinta. Abokansa suka tuntsire da dariya.

"Zaharaddini!"

Tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ya sauke bindigar a hankali, yana kallonta yana lumshe ido, yawu na dalala a haɓarsa. Ta matsa, ta kama gefen mayafinta ta goge masa.

Ya yi murmushi, ya ɗan rusuna.

"Mersi, madam," in ji shi da Faransanci, ya ja taya gefe don ta wuce.