Gaisuwar da Hikima Ta Tsallake

Mu nan Zango ana yafe wa mutum abubuwa da yawa, amma ban da ya wuce babba bai gaishe shi ba. To, abin da Hikima ta yi ke nan, kuma a gaban jama'a, ranar sunan ɗan yayarta.

Hikima 'yar Mma Habsa ce, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Asawase. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana koyon aikin ba da shawara ga masu damuwa, aka tura ta wani ƙaramin asibiti ta gwada hannu. Aikin dai ɗaki ne da kujeru biyu. Mutum ya zauna ya amayar da abin da ke cin sa, ke ki saurara, ki taya shi neman mafita, sannan ki ja bakinki ki rufe gam. Uwarta har yau ba ta ga abin zuwa jami'a a nan ba. "Sauraren mutane?" in ji ta. "Ni a bakin tukunya kyauta nake yin sa tun kafin a haife ki."

A ɗakin nan aka turo mata Baba Idirisu, babban kafinta a unguwar Anloga, dattijon da ake kira in rigima ta gagari kowa. Ɗansa Awalu ya bi hamada zuwa Libiya, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Barci ya ƙaurace wa tsohon, har aikin zarto ya fara gagararsa. Ranar farko a bakin kujera ya ɗosana, kamar mai jiran trotro, motar hayar nan.

Ya ce, "Yarinya, in aka ji na zo nan, cewa za a yi Idirisu ya taɓu. Ba wanda zai sake kawo mini faɗa in raba."

Ta gaya masa ƙa'ida yadda aka koya mata. Abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin zai tsaya, sai fa in rai na cikin haɗari. Kuma in sun haɗu a waje, ba ita za ta fara nuna ta san shi ba.

"Yauwa, haka nake so," in ji shi. "Ba ki san ni ba, ban san ki ba."

Ashe shi kawun mijin yayarta ne! Hikima ba ta sani ba sai safiyar suna, da aka ba ta faranti na koko da masa ta kai wa dattawa a rumfa. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa, ta yi gaisuwa, ta miƙa. Tana ɗaga kai sai ga Baba Idirisu. Nan take ya kawar da kai. Ƙa'idar nan ta faɗo mata a rai, sai kawai ta tsallake shi, ta durƙusa wa na gaba.

Haba! Wanda ya rubuta ƙa'idar nan, a garinsu maƙwabci ba ya gaida maƙwabci. Mu nan, wanda ba ka sani ba ma gaishe shi kake yi har da tambayar iyali. Garin ɓoye mutum, sai ta nuna shi da yatsa. Kafin a yanka rago magana ta zagaye gidan.

Bayan la'asar aka tara ta a tsakar gida. Dangin miji a gefe sun cika sun batse, Mma Habsa ko mayafin biki ba ta cire ba, Baba Idirisu na kan kujera yana jan carbi. Hikima ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe shi, ta roƙi gafara. Da a nan aka tsaya, da shi ke nan. Amma ina! Mutanenmu ba haƙuri suka zo ji ba, dalili suka zo ji.

Wata gwaggon mijin ta ce, "Dattawa cike da rumfa, shi kaɗai kika tsallake. Ruwa ba ya tsami banza. Me ke tsakaninku?"

"Bai taɓa yi mini komai ba. Laifin nawa ne ni kaɗai."

"Mun ji. Dalilin fa?"

"Na ba da haƙuri, Gwaggo."

Mma Habsa ta taso. "Ke, kalle ni nan. Ni na haife ki, na san fuskarki in kina ɓoye abu. Kin san shi ko ba ki san shi ba? Rantse!"

Carbin Baba Idirisu ya tsaya. Hikima ta gani. Ƙarya ba za ta rantse a kai ba, gaskiyar kuwa ba tata ba ce balle ta raba wa jama'a.

"Mma, in kin ce in sake durƙusawa, zan durƙusa har magariba. In duka ne, ga ni. Amma bakina nan ya tsaya."

"Ni kike gaya wa haka? A gaban surukai?"

"Allah ya huci zuciyarki."

"To in bokon nan ne ya koya miki raina manya, kin gama shi. Gobe kika sake fita da sunan aikin nan, ki nemi wani ɗakin kwana."

Idon Hikima ya cika, don tana son uwarta ƙwarai, kuma tana tsoronta. Amma ta ce, "Aiki kam zan je, Mma."

Wallahi a nan tsohon ya ba ni haushi. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta wanke yarinyar tas. Sai ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya ce, "Yarinta ce, a bar ta," ya yi tafiyarsa.

Washegari ta tafi aiki, ta kwana ɗakin wata ƙawarta. Madam Serwaa, wadda ke duba aikinta, ta ji labarin ta riƙe kai. Ta ce, "Nan gaba ki gaishe shi yadda kike gaida kowa, a Zango ɓuyan ke nan. Amma shirun da kika yi, wannan kam ba ni da gyara." Hikima ba yabo ne ya dame ta ba. Tsoronta kar tsohon ya ga an kusa tona shi ya daina zuwa, ya koma ya zauna da abinsa shi kaɗai.

Ranar Laraba, ranar zuwansa, lokaci ya yi har ya gota, kujera ba kowa. Ta fara tattara jakarta ke nan sai ta ji sallama.

Baba Idirisu ne, kuma shi ya fara gaishe ta. Wannan karon ya zauna sosai, har da jingina.

Ya ce, "Ranar nan ina zaune ina jira ki tona ni. Na ce a raina, uwarta ce fa, dole ta faɗa."

"Ai mun yi alkawari, Baba."

"Kowa ma yana yin alkawari." Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Duk abin da na gaya miki a baya gaskiya ne, amma ba shi ke hana ni barci ba. Awalu bai so tafiyar nan ba. Ni na ce masa sa'anninsa sun tafi sun gina wa iyayensu gida, shi yana nan yana cin tuwona. Da bakina na kore shi. Ko uwarsa ba ta sani ba."

Hikima ta ajiye jakar, ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna.

"Ina jin ka, Baba," in ji ta.