Buhunan Maigandi da Kwaɗin Baiwa

Tun da aka fara ganin kwaɗi masu ƙafa biyar a kududdufin Darini, Baiwa ta rasa sukuni. Da ruwan nan take ban ruwan lambunta, lambun kuwa shi ke ciyar da ita. Ga Maigandi, mutumin da ba ya iya magana a hankali, yana bi gida-gida yana cewa aljanu sun tare a wurin, a cike shi da ƙasa kowa ya huta.

Sai ga Sarah, 'yar ƙanen Baiwa mai karatun halittu a jami'a, ta sauko daga kan babur da kwalabe da rariya. Ta tattare zani ta faɗa ruwa. Ta ɗebi ruwan, da 'ya'yan kwaɗi, da katantanwa, ta koma Katsina.

"Mi aljani zai yi cikin kwalba?" in ji Maigandi.

Da Sarah ta dawo aka taru a bakin kududdufin. Ta ce ta duba a madubin ƙara girma, ta ga wata 'yar tsutsa da ke fitowa daga katantanwa ta shiga jikin ɗan kwaɗo daidai inda ƙafa za ta tsiro, ita ke sa ƙafa ta biyar ta fito. Katantanwar ta yi yawa ne don gansakuka ta yi yawa, ita kuma gansakuka takin zamani ke ƙosar da ita.

"Abin da ya ɗaure mini kai, Gwaggo, babu gonar da ke gangarowa nan. Ta ina takin ke shiga?"

Baiwa ta ɗaga ido. Kowa ya bi inda take kallo. A kan ƙaya, ga buhunan taki fari fat an shanya. Maigandi ke tattaro su duk shekara, ya wanke a nan, ya ɗinka shimfiɗar shanya hatsi.

"Ashe kai ke ciyar da aljanun, Baba Maigandi!" wani ya ce. Dariya ta ɓarke, har shi kansa sai da ya dara, ya kwashe buhunansa.

Damina biyu ta wuce kafin ruwan ya washe. Ran nan Baiwa ta cafko wani ɗan kwaɗo, ta juya shi, ta ƙirga ƙafafunsa. Daɗi ya kama ta, ta rangaɗa guɗa, ta nufi ƙofar Maigandi da shi a hannu tana ɗigar ruwa.

"Fito ka gaida maƙwabcinka! Huɗu ne cif!"