Jan Tsumma a Rumfar Monday

"Injiniya, magana ɗaya na zo da ita," in ji Zailani. Ya ja benci ya zauna tun ba a ce masa bisimilla ba. "Mutanen unguwa sun ce a nan ake buɗe wayoyin sata. Sun ce a tayar da rumfarka. Ni na ce a dakata tukuna."

Monday ya ajiye sukundireba. Zailani shi ne kwamandan 'yan banga na Angwan Iya, kuma duk wanda ya ce ya dakatar maka da wata masifa, to akwai abin da ya zo karɓa. Rumfar nan kuwa, ta gyaran waya a bakin titi, ita ce gonar Monday, ita ce rumbunsa.

"Oga Kwamanda, me kake so?"

"Ido. Duk wanda ya kawo maka waya a kulle, bai san lambar buɗewa ba, ya kuma kasa faɗin sunan mai ita, ka rataya jan tsumman can naka a jikin ƙusa. Yarana suna gindin mangwaro, za su gani. Ba ka ce komai ba, ba ka nuna kowa ba."

"Rumfa fa?"

"Muddin tsumma na aiki, rumfa na tsaye."

Suka tafa. Hannun Zailani kamar icen ƙirya.

A yi wa Zailani adalci, ba haka kawai ya ɗau zafi ba. Ƙwacen waya ya addabi garin. A fizge maka waya daga kan babur da hantsi, kafin azahar an zare layin an kwashe abin da ke asusunka, an kuma kira 'yan'uwanka an ce kana asibiti, a turo na magani. Wata malamar asibiti, Keziya, da ta riƙe tata gam, sai da aka tsaga mata hannu da wuƙa. In an kama yaro an kai caji ofis, ba a rufa kwana biyu ka gan shi yana shan rake a bakin kasuwa. Shi ya sa Zailani ya kafa tasa shari'ar: a aske wa ɓarawo rabin kai, a zagaya da shi unguwa, a ɗauke shi a waya a watsa. "Beli bai tsirar da gashi," in ji shi.

Tsumma ya yi aiki. Na farko da na biyu da aka kama duk ɓarayi ne na gaske, har masu wayoyin suka zo suka karɓa suna sa albarka. Masu cewa a rushe rumfa su ne suka koma gai da Monday da "Injiniya, ya aiki?"

Sai ran wata Talata da hantsi, wani dogon mutum ya zo, sanye da shadda mai guga, ya fito da waya daga wata 'yar jakar ƙyalle irin ta tsofaffi. Ya ce sunansa Shamsuddeen, direba ne, yana jigila tsakanin Keffi da Mararaba. Jikoki ne suka dagula lambar, wayar ta kulle.

"Ta wa ce?"

"Ta mutanen gida ce."

"Wa ke nan? Sunan mai ita."

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya yi wani ɗan murmushi, ya sosa ƙeya. Monday ya miƙe kamar mai neman wani abu, ya rataya tsumma.

Kafin a ce kwabo an kewaye rumfa. Zailani ya ratso ta tsakiya da sandarsa.

"Malam, wayar wa ka ɗauko?"

"Yallaɓai, ta surukata ce. Uwar matata."

"Madalla. Ba a yanka mata rago ba ne? Sunanta."

"Ba zan iya faɗa ba. Mu je gidan, Tudun Ƙofa ne, nan kusa. Ko a kira matata."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Jiya ma wani ta kakarsa ya ɗauko!"

A nan ne Monday ya gane. An haife shi a garin nan, ya yi wasan ƙasa da 'ya'yan Fulani, ya san akwai gidajen da namiji zai gwammace a kwaɗa masa mari da ya ambaci sunan surukarsa a bainar jama'a. Murmushin nan da sosa ƙeyar nan ba na ɓarawo ba ne, na kunya ne. Ya buɗe baki. Sai idonsa ya faɗa kan kwanon rumfarsa, da allon da ya sa aka rubuta masa suna a kai. In ya ce tsumma ya yi kuskure yau, gobe wa zai yarda da shi? Ya mayar da bakinsa ya rufe.

"In kuna zargina, ku kai ni wurin hukuma," in ji Shamsuddeen. "Ba ku da ikon taɓa ni ba a bincika ba."

"A'a, ashe lauya muka samu!" Zailani ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Haƙƙin ɗan'adam. Da aka yanka Keziya ina haƙƙin yake, ya tafi hutu? Ku zaunar min da shi."

Suka danne shi a kan bencin Monday. Da reza ta hau kansa ya daina kunya, ya yi ta kiran sunan da ƙarfi, "Hajo! Hajo ce!" Amma ihu ya riga ya rufe, kuma wayoyi sun fi ashirin a sama suna ɗauka.

Ba a kai ga zagaye unguwa ba wani keke napep ya tsaya. Wani mai shago ne ya gane Shamsuddeen ya garzaya gidan surukarsa ya faɗa. Tsohuwa ta sauko, 'yarta Mu'mina, matar Shamsuddeen, na biye da ita tana kuka. Rabin taron sun san Hajo, ita ce ta yi wa iyayensu mata wankan jego. Ko inda surukinta yake ba ta kalla ba. Ta cire mayafinta ta miƙa wa 'yarta ta ce, "Rufe masa kai." Sannan ta tsaya gaban Zailani.

"Kai ne ɗan marigayi mai gyaran keke ko? Ubanka bai taɓa kiran sunan uwar matarsa ba har ya koma ga Allah. Kai da aka haifa a gidan kunya, yau kunya ce ta zama shaidar sata a wurinka?"

"Inna, aikin tsaro ne. In ba mu yi haka ba..."

"Tsaron wa? Wayata ce, ni na aike shi. Ka tsare min waya ka tozarta min gida. Allah ya isa, ɗan nan. Ban yafe ba."

Zailani ya ce a goge hotunan. Wa zai goge? Kafin la'asar sun isa tashar Mararaba, da rubutu a ƙasa wai an kama shugaban masu ƙwace.

Mu'mina ba ta tsaya kuka ba, ta samo wata lauya mai suna Angela, aka kai ƙara. A caji ofis Zailani ya ce shi alamar da aka ba shi ya bi, ga mai alamar nan a zaune. Duk ido ya dawo kan Monday.

"Oga Monday," in ji Angela, "kai ka ce musu ɓarawo ne?"

"Ni? Madam, ko kalma ban furta ba. A tambayi kowa."

"Tsumman fa?" Zailani ya daka masa tsawa. "Munafuki! Tsumman fa?"

"Oga Kwamanda, tsumma ya jiƙe na shanya. Laifi ne? Ai kai da bakinka ka ce ban ce komai ba, ban nuna kowa ba."

Sai da aka riƙe Zailani. Yana ta faɗin, "Za ka gani! Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe!" Monday dai ya ƙura wa ƙasa ido.

To ga yadda aka tashi. Zailani ya kwana a bayan kanta, aka karɓe sandarsa, aka hana yaransa taɓa kowa, su kuma suka yi zuciya suka bar gindin mangwaro gaba ɗaya. Masu ƙwace suka dawo da baburansu har da na rakiya, su ne suka ci riba mai tsoka. Shamsuddeen gashinsa ya fito, amma fasinja in ya leƙa mota ya ga fuskarsa sai ya ce zai jira ta gaba, har ya gaji ya mayar wa mai mota makulli ya koma Lafiya neman wani aikin. Hukuma ta wanke shi a takarda, sai dai takarda ba ta yawo a waya kamar yadda rabin kai ya yi.

Monday kuwa rumfarsa na nan tsaye, babu mai sauran bakin cewa a tayar. Ciniki ma ya ƙaru, don wayoyi a kulle sun yawaita, shi kuma ya daina tambayar sunan kowa. Abu ɗaya ne: duk ranar da Hajo ta biyo ta titin, takan tsaya daidai ƙusar nan, ta tofar da yawu, ta wuce. Shi kuma sai ya duƙufa a kan aiki kamar bai gani ba.